Idan mace 'yar Aborijin ta kawo kuka a kan lauyarta

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum. Tambayata a kan cibiyoyin lauyoyi na kyauta da ke yi wa matan Aborijin ('yan asalin ƙasar) aiki a Ostireliya ce, irin su Djirra a jihar Victoria da Wirringa Baiya a Sidni. Idan mace ta ce lauyarta ta daina kiranta, ko an tona mata asiri, yaya ake bi da ƙorafin ba tare da an cuce ta ko an cuci ma'aikaciyar ba? Galibinsu shari'ar dukan miji ce ko ta ƙwace 'ya'ya, kuma ba su da kuɗin ɗaukar wata lauya.

Barista_Z:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko, wadda ake kuka da ita ba ta binciken kanta. Babbar lauyar cibiyar ce ke karɓa. Idan kuwa da ita ake, sai shugabar cibiyar ko kwamitin gudanarwa.

A karɓi ƙorafin ko da baki ne. Ma'aikaciya ta rubuta, ta karanta mata, ta tambaye ta me take so: haƙuri, canjin lauya, ko bayani kawai. Cikin kwana biyu zuwa uku a sanar da ita an karɓa, a yanka ranar amsa, kar ta wuce kwana 30. Lauyar ma a ba ta zargin a rubuce ta kare kanta, sannan a duba bayanan fayil da rajistar kiran waya.

Fayil ɗin ƙorafi daban, na shari'a daban. A faɗa mata ƙarara cewa kukanta ba zai taɓa shari'arta ba. Idan akwai zaman kotu ranar Talata, ana zuwa, bincike ko ba bincike.

Maman_Sadiq:
Barista, tsarin ya yi, amma a wurin sauraro ake yin ɓarna. Masaniyar harshe Diana Eades ta daɗe da nuna cewa Aborijin da dama kan ce "eh" ga mai iko don a rabu lafiya, ba don sun yarda ba. Aka ce mata "kin gamsu?", ta ce eh, aka rufe fayil, ba a ƙara ganinta. Gara a ce "ba mu labarin yadda aka yi", a yi shiru. Shirun nata ma kar a katse shi, tunani take. A bari ta zo da goggo ko wata dattijuwa. In Turanci ba harshenta ba ne, a nemo tafinta, ba danginta ba.

Al'ummominsu ƙanana ne, mai binciken na iya zama 'yar'uwar mijin. A tambaya tun farko.

Sai waya: kar a bar saƙo ko a aika wasiƙa gida sai an tabbatar mijin ba zai gani ba. Kuma in ta ɓace makonni, wataƙila zaman makoki ne. Tsoron hukuma kuwa na gado ne, tun zamanin da ake raba su da 'ya'yansu da ƙarfi.

Barista_Z:
Haka ne, Maman Sadiq. Ƙari ɗaya: takardar amsa ta nuna mata ƙofa ta gaba. A New South Wales da Victoria akwai kwamishinan kula da ayyukan lauyoyi, kai ƙara wurinsa kyauta ne, wa'adinsa shekara 3 daga faruwar abin. Tonon asiri kuma, idan dokar sirri ta 1988 ta shafi cibiyar, ana kai shi ofishin kwamishinan bayanai na tarayya bayan an ba cibiyar kwana 30.