Saba biyu gare mu, ina za mu ajiye faifan VM?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan zaure. A wurin aikinmu nan Damagaram an sayo saba biyu (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima), na ɗora musu Proxmox, manhajar da ke tafiyar da VM, wato kwamfutar da ake ƙirƙira da manhaja a cikin saba; VM bakwai ke kai. So nake in ɗaya ta mutu ɗayar ta ɗauki kayan. Maigida ya ce a sayo NAS guda, wato akwatin ajiyar bayanai da ake haɗawa ta netwok, a haɗa su duka. Wa ya taɓa yi?

Na Mirya: Wa alaikumus salam. Ka sa Ceph kawai, manhajar da ke haɗa faifan sabobi su zama ma'ajiya ɗaya, ka huta.

Yaya ta Sabon Gari: Haba Na Mirya, Ceph da saba biyu? Sai uku zuwa sama, kuma yana son layin gigabit 10 nasa na kansa. Ɗan Birni, ƙanena, NAS ɗin ma ka yi tunani. Saba biyu ne fa za su rataya a akwati ɗaya. Ni ya same ni bara cikin zafin Afrilu: wuta ta ɗauke da azahar, batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ya riga ya kumbura ban lura ba, NAS ta mutu. Saba biyu lafiya lau, fitilunsu kore, amma babu VM ko ɗaya da ke motsi. Kwana uku muna jiran kayan gyara daga Kano.

Ɗan Birni: Subhanallahi. To Yaya, me kika koma yi?

Yaya ta Sabon Gari: Kowace saba na sa mata faifan SSD biyu a tsarin ajiya na ZFS, ɗaya madubin ɗaya. Sai Proxmox ya riƙa kwafe faifan VM daga wannan zuwa waccan. Da kansa minti 15 yake sawa, ana iya rage shi har minti 1. Illarsa, in saba ta faɗi, abin da aka rubuta bayan kwafin ƙarshe ya tafi. Ka tambayi mai lissafin kuɗinku ko zai jure asarar aikin minti biyar, kar ka yanke masa. Sunan ma'ajiyar kuma ya zama iri ɗaya a sabobin biyu, in ba haka ba kwafin ba zai tashi ba.

Malam na Zango: Gaskiya ta faɗa, amma ta manta ƙuri'a. A Proxmox kowace saba ƙuri'a ɗaya gare ta, kuma sai da rinjaye ake tada VM; saba biyu ƙuri'a biyu ce. Ɗaya ta ɓace, wadda ta rage ba ta da rinjaye, sai ta ƙi tada komai. Ka nemo 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta ka mai da ita QDevice, wato mai ba da ƙuri'a ta uku.

Na Mirya: Na janye Ceph. Amma NAS ɗin maigida fa?

Malam na Zango: A saya, a ba ta aikin ajiyar kwafi. Kwafin ZFS ba ya ceton wanda ya goge fayil da kuskure, don gogewar ma binsa take zuwa ɗaya sabar. Ka kai NAS ɗin wani ɗaki, nesa da taga saboda ƙurar hunturu. Faifan SMR kuma, irin mai nawa wajen rubutu, kar ka yarda a sayar maka.

Ɗan Birni: Na gode Malam. Suwic, akwatin da ke haɗa igiyoyin netwok, mai gigabit 10 fa? Kuɗin ya yi mana yawa.

Yaya ta Sabon Gari: Ba ka buƙata. Katin netwok ɗaya a kowace saba, gajeriyar igiyar netwok da ake kira DAC tsakaninsu kai tsaye. Gobe in na fito Kasuwar Dole zan biyo in ga ɗakin.