Gemun wa za a shafa wa ruwa?

Baban Yara: Jiya a huɗuba liman ya taɓo yadda birane ke cika suna batsewa, ya ce dole su haɗa kai a kan talakan da aka tura bayan gari. Sai ya kawo "idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa". Muna fitowa ƙanena ya ce ai maganar ba ta ce ka kashe masa wutar ba, naka aka ce. Har gida muna musu. Me kuka gani?

Malam Na-Gefe: Ƙanenka ya fi ka gaskiya. Izina ce, ba taimako ba.

Uwar Biyu: Izinar ma ai koyi ne. Birnin Medellin na Kolombiya ya kafa motar igiya, wadda ke tafiya a sama rataye da waya, a 2004 don mutanen unguwannin kan tsauni su riƙa sauka cikin gari neman abinci, birnin La Paz na Bolibiya ya yi tasa a 2014. Wannan fa?

Malam Na-Gefe: Wannan "gani ga wane" ne, Hajiya.

Auta: Ni kakata ce ta fara faɗa min ita. Da suka yi ƙaura, a wata unguwar bukkoki suka sauka, daidai iyakar birane biyu. Wannan ya ce ba mutanena ba ne, wancan ma haka. Ba famfo, ba makaranta, amma mai karɓar haraji daga kowane ɓangare yana zuwa. Ran nan da dare gobara ta tashi a ɗakin maƙwabciya. Tulu ɗaya kakata ke da shi, kakana yana ihu a watsa wa namu rufin, ita ko ta wuce ta juye a na maƙwabciyar. Duka biyun suka ƙone. Har ta rasu in an tuna mata sai ta ce tulun ne ƙarami.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙanta. Kakan fa, ya huce?

Auta: Shekara arba'in yana mita!

Ɗan Tasha: Namu shugabannin ai tun taron Majalisar Ɗinkin Duniya na birnin Kito a 2016 suke yawon taro a kan birane. Jakar taro da hoto kawai suke dawowa da su.

Malam Na-Gefe: Su gemun ma sun aske, kada a ce su nemo ruwa.

Baban Yara: Jama'a, ƙanena fa yana jiran amsa.

Ɗan Tasha: Shi yana da gemu ne tukuna?