Kwana goman da aka yanke intanet a 2021: masu koyon kod, ya kuka yi?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ina son waɗanda suka fara koyon programasiyo tun kafin 2021 su ba mu labarin yadda suka yi lokacin da aka yanke intanet na waya a Nijar bayan zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu. Don ƙannenmu da ba su riƙe ba: an yi zaɓen ranar Lahadi 21 ga Fabrairu, hukumar zaɓe CENI ta faɗi sakamako ranar 23 ta ce Bazoum Mohamed ya ci Mahamane Ousmane, rikici ya tashi a Yamai da nan Damagaram, washegari 24 ga wata muka tashi rezo cike fal amma ba abin da ke buɗewa. Sai ranar Juma'a 5 ga Maris ya dawo. Ba siyasa na kawo ba don Allah, kowa ya san inda ya jefa ƙuri'arshi. Abin da nake so shi ne kowa ya faɗi me ya tsaya mishi cak, me ya ci gaba da aiki, saboda yaran da ke zuwa wurina koyo yanzu in konneksiyo ya ɗauke minti biyar sai su naɗe hannu su ce mushe yau ba karatu.

Mai Python:
Wa alaikumus salam babban yaya. Ni lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ordinatar ba ni da ita, da waya nake koyo cikin Pydroid 3, manhajar rubuta yaren kod na Python a waya. Shi kanshi Python ɗin bai san an yanke komai ba, ka rubuta ka danna ya gudu lahiya lau. Inda na maƙale shi ne wani darasi da ke buƙatar laburaren da ban sauke ba, wato kod ɗin da wasu suka riga suka haɗa, pip mai sauko da shi daga intanet ya yi ta juyawa yana neman hanya har ya gaji ya watso min jan rubutu, kuma dama al'adata ita ce in kwahi jan rubutun in liƙa a Google in ga wanda ya riga ni faɗawa ramin a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kod. To babu. Dole na zauna na karanta saƙon da kaina, daga layin ƙasa zuwa sama, sai ga shi ashe yana faɗa maka sunan fishiye da lambar layi da irin kuskuren, komai a fili. Kuma a ranakun ne wani ɗan ajinmu ya nuna min cewa in ka rubuta help(str) ko dir() cikin Python bayanin yana nan ciki ba sai da intanet ba. Wallahi na ji haushin duk bidiyon da na kalla ba wanda ya taɓa faɗar wannan.

Hajiyar Sabon Gari:
Ku naku karatu ne ya tsaya, mu abinci ne. Ni ba kod nake yi ba, ƙanena ke yi shi ya sa nake leƙowa nan, amma turaren wuta da humra da atamfa duk a statut na WhatsApp nake tallarsu. Akwai mai biki a Agadas da ta turo rabin kuɗi, saura in tura mata hoton kala ta zaɓa in ba mota. Ya za ka kwatanta wa mace kalar atamfa a waya? Na ce mata shuɗi ne mai ɗan duhu da zanen ganye, ta ce wane irin duhu. Kiredi ya yi ta tahiya a kira, ƙarshe ta ce in bari za ta saya can. Kuma forfen wata da na sa kwana kaɗan kafin abin haka ya ƙone ba wanda ya ce min sannu.

Ɗan Birni:
Allah ya mayar da alheri Hajiya. Maganar forfe kam kowa ya sha ta.

Abban Magarya:
Hhhh ku ƴan birni kun sha wuya. Mu nan kowa yana da layin Najeriya a aljihu dama, saboda harkar kasuwa da ƴan uwa can ƙetare. Cikin gari ba ya kamawa sosai, sai ka hau babur ka yi kudu wajen iyaka, ka samu tudu ko gindin wata bishiya da kowa ya riga ya sani, za ka tarar da samari a jere kowa ya ɗaga waya sama. Ni aikina a lokacin wani ɗan shafi ne nake haɗa wa mai shagon magani don lissafin kaya, PHP da MySQL a kan XAMPP mai sa shafi ya yi aiki cikin mashin ɗinka, duk cikin mashin ɗina yake ba ruwanshi da waje, ko haka na ɗauka. Ranar Laraba na buɗe shi sai na ga shafin ya tuɓe tsirara, ba kala ba tsari, maɓallai sun watse ko'ina. Dalili, Bootstrap ɗin da ke yi mishi ado ba a cikin dosiye na yake ba, layi ɗaya ne a saman shafin mai jawo shi daga wata uwar garke a ƙasar waje duk lokacin da aka buɗe. Haka malamin bidiyo ya yi, haka dubban mu muka kwafa. Don fishiye da bai kai girman hoto ɗaya na biki ba na ƙona esansi har bakin iyaka. Tun daga ranar duk aikin da zan ba mutumin nan ƙasar sai na cire waya daga mashin na gwada shi tukun, in bai tashi ba intanet ba to bai gama ba.

Abin dariya kuma, watanni kaɗan bayan haka, Satumba 2021, aka rufe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda ƴan bindiga, sai ga labari ya juya, mutanen bakin iyaka na can su ke neman layin Nijar.

Injiniya ba diplom:
Ina son in gyara wani abu da har yau ake ta maimaitawa, wai da mun sa VPN da mun tsira. A'a. VPN rami ne da kake haƙawa cikin hanyar da ke akwai, yana ɓoye inda za ka. Lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 intanet na nan, ƙofa ɗaya aka toshe, shi ya sa VPN ya yi musu aiki. Mu namu data ɗin waya ne dungum aka kashe, kira na shiga SMS na shiga amma ba hanyar da za ka haƙa ramin a ciki. Na ga yara sun yi ta tura wa juna VPN kala kala ta Xender har wani na karɓar dala ashirin yana sa wa mutane, banza.

Abin da ya yi aiki shi ne intanet na igiya. Wani ofis da nake yi wa gyaran mashina nasu bai ɗauke ba, da yamma in an tashi mai gadi ya san ni sai in zauna a baranda. Nan na sauke littafin bayanin Python gaba ɗaya, yana nan a shafinsu a dunƙule cikin zip kyauta, na sauke Wikipedia ta Faransanci marar hotuna ta Kiwix, manhajar karanta ta ba intanet, na zuba a kile USB. Kile ɗin nan ta zaga Zango da Garin Malam har ban san hannun wa ta ƙare ba.

Malam Tsakaici:
Ni fa zan faɗi abin da ba ku son ji. Kun manta irin muryoyin da ke yawo a WhatsApp a ranakun nan? Wannan ƙabila kaza, wancan kaza, a fito a ƙona. Mu da muka ga Janairu 2015 a garin nan, ranar Juma'ar da aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da coci-coci kan zanen Charlie Hebdo, mun san yadda wuta ke kamawa. In rufe intanet na kwana goma ya hana a zubar da jini ni na yafe darasina na JavaScript. Rai ya fi kod.

Ƴar Lauya:
Malam Tsakaici ba wanda ya ce rai bai fi kod ba, kuma muryoyin nan ni ma na ji su, abin kunya ne. Amma duba lissafin da kyau. An yanke ranar 24, gidan Moussa Kaka wakilin RFI a Yamai ranar 25 aka kai mishi hari aka cinna wuta, lokacin ba mai WhatsApp a hannu. Ministan cikin gida da kanshi ya ce mutum biyu sun rasu an kama sama da 400. Masu son fita sun fita, da kira da baki suka gayyaci juna. Wanda aka hana shi ne mai son ya tambaya ko gaskiya ne abin da ya ji. Mu a gidanmu an zo an ce an harbe wani ɗan uwanmu a Yamai, tsohuwa ta kwana tana kuka layinshi ba ya shiga, ashe caji ne ya ƙare mishi. Jita-jita ba ta mutu ba don an kashe data, ƙaryata ta ne ya yi wuya.

Kuma ta fuskar shari'a ba sabon abu ba ne. Togo ta yanke intanet a Satumba 2017 lokacin zanga-zanga, ƙungiyoyi da wata ƴar jarida suka kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Yuni 2020 kotu ta ce an take haƙƙin faɗin albarkacin baki, ta ce a biya kowane mai ƙara miliyan 2 na sefa. Wata takwas kenan kafin namu. Haka ta sake yanke wa Najeriya hukunci a Yuli 2022 kan Twitter. Yanzu da muka fice daga CEDEAO tun Janairu 2025 wannan ƙofar sai dai mu kalle ta daga nesa.

Malam Tsakaici:
Ranki ya daɗe na ji, amma ba ki da tabbacin abin da zai faru da ba a yanke ba. Wataƙila da ya fi haka muni.

Ƴar Lauya:
Kai ma ba ka da shi Malam. Bambancin, asarar Hajiya tabbas ce.

Ɗan Birni:
To ya isa haka, kowa ya faɗi nashi. Ƴar Lauya tunda kin shigo ki ɗan tuna wa yara maganar doka, don wasu na tura duk abin da ya faɗo musu.

Ƴar Lauya:
A taƙaice yaya. Dokar laifukan intanet ta 2019 ce, a 2022 aka sassauta aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna aka bar tara, sai a Yuni 2024 aka maido da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 kan zagi ko ɓata suna ta intanet, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Yaɗawa fa aka ce, ba sai kai ka ƙirƙira ba. Wannan ɗan kibiyar ta turawa da kuke dannawa ba ku karanta ba, ku kiyaye ta.

Autan Kara-Kara:
Ni ƙarami ne lokacin ina kolej, abin da na riƙe kawai yayana yana aiki da wasu ƴan Kano kan wata manhaja kuma yana ta yin git commit, wato adana kowane canjin da ya yi wa kod, kullum ba intanet, ina ce mishi yaya ina yake zuwa, ya ce yana nan cikin mashin yana jira, ranar da rezo ya dawo ya yi push, wato ya tura, sau ɗaya duk suka tahi da kwanan watansu. Su ƴan Kanon har sun ɗauka ya gudu da aiki ne, SMS ya yi ta tura musu na ƙasar waje mai tsada. Amma ni a ganina yanke kuran na 2023 ya fi wannan ciwo, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta a watan Agusta bayan juyin mulki, don kod ba intanet yana yiwuwa amma ba bateri fa? mashin ɗinmu batirinta ya mutu dama, kuran na ɗaukewa take mutuwa da duk abin da ba ka adana ba, sai da muka haɗa kuɗi mu huɗu muka sayi pano ƙarami da batirin babur.

Injiniya ba diplom:
Auta ka taɓo wani babi, wannan a buɗe mishi nashi zaren. Kuma ba hukuma kaɗai ke yanke mu ba, ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, mu da ba mu da teku ta ƙasashen gaɓa muke samu, muka ji a jikinmu. Masu cewa Starlink ya zo tun 2025 magana ta ƙare, e yana da sauri na gwada a wani sibar, amma da lasisin gwamnati ya shigo, kuma na'urar da kuɗin wata ba na ɗalibi ba ne sai dai a yi karo-karo.

Mai Python:
Injiniya kile ɗin nan taka mai Kiwix kana da wata? Yaran da nake koya wa ran Asabar su shida ne, biyu kawai ke iya sa forfe.

Injiniya ba diplom:
Akwai, har na ƙara darussan HTML da CSS da mai shigar da Python na Windows. Ka zo da taka mai jiga 32 ko fiye, wayam, kuma ka goge ta tukun don ta ƙarshe da aka kawo min cike take da virus. Ina shago bayan la'asar, wajen Kasuwar Dole, ka kira in ka iso bakin masu gyaran waya.

Hajiyar Sabon Gari:
In za a je a tahi da ƙanena don Allah, shi ma ya samu. Kuma cikinku wa zai iya yi min ɗan abin da zan riƙa rubuta bashin da nake bin mutane a waya, wanda ba ya neman konneksiyo? Littafina yara sun yage shi. Amma ku faɗi kuɗin tun yanzu, kar a gama a zo ana min kame-kame.