Albam ɗin Diana Krall, bossa nova ne na gaske ko kwaikwayo?

Sabon Kunne:
Salam jama'a. Dan Allah masu jin jazz ku fidda ni duhu. Wani abokina ya turo min albam ɗin Diana Krall mai suna Quiet Nights, na 2009, wai waƙoƙin bossa nova ne na Brazil. Na sa abin kunne da daddare, wlh matar kaman raɗa take, har jan numfashinta nake ji kafin ta ɗauko baiti, ga goge irin na Turawa a baya a hankali. Haka ake yin abun ko ita ce ba ta da murya?

Tsohon Faifai:
Hhh ɗan uwa ai raɗar ita ce waƙar. Tun da mawaƙin Brazil João Gilberto ya fitar da waƙar Chega de Saudade a 1958 haka salon ya zo, mutum ɗaya da jita yana waƙa dab da makirfo kaman baya so ya tashi mai barci a ɗakin kusa, kiɗan samba ne aka rage masa hayaniya aka mayar da ganguna cikin yatsun mai jita. Kuma wanda ya tsara mata gogen nan Claus Ogerman ne, shi ya tsara wa Frank Sinatra da Tom Jobim, marubucin waƙoƙin bossa nova, albam ɗinsu na 1967, inda shi kansa Sinatra duk muryarsa sai da ya sassauta.

Yar Kiɗa:
Yaya Tsohon Faifai ban ƙi taka ba amma a faɗa masa gaskiya, albam ɗin nan ba duka waƙoƙin Brazil bane. Walk On By ai ta Burt Bacharach ce, riga kawai aka sa mata. Ni abinda ke damuna ma turancin ne, waƙar Jobim mai suna Corcovado, sunan dutse ne a Rio, Gene Lees ya rubuta mata wasu baitoci daban ta koma Quiet Nights, ma'ana ta ɗan yi kusa amma yadda Fotugis ke zamewa a kan kiɗan ya tafi. Gara Este Seu Olhar da Diana ta daure ta yi da yarensu, duk da harshen bai faɗa mata sosai ba, ita na fi maimaitawa.

Tsohon Faifai:
Ƙanwata ai da turancin abun ya zaga duniya, Astrud Gilberto da The Girl from Ipanema, har albam ɗin da waƙar ke ciki, Getz/Gilberto, ya ci Grammy a 1965.

Yar Kiɗa:
Naji, amma ya nemi Elis & Tom na 1974, albam ɗin Elis Regina da Jobim, yaji Águas de Março, wajen ƙarshe har dariya ke kuɓuce wa Elis tana waƙa, sannan ya dawo muyi magana.

Sabon Kunne:
Na gode. Na sauke na Elis ɗin yanzu, saura caji.