Don Allah ku taimaka, kalmomin Turanci masu "ough" sun hana ni barci

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ku yi haƙuri da dogon bayani. Tun kafin aure na gama sakandare, Turanci kaɗai ya kayar da ni. Yanzu yarana uku, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba, ga sana'ar cincin, ga uwar mijina da ta dawo gidanmu tun da ciwon ƙafa ya matsa mata, kullum sai ta ce me matar aure za ta yi da takarda. Maigida dai ya biya min kuɗin WAEC, ya ce daga wannan ba ƙari. To na samu littafi ina jera kalmomi masu haruffa iri ɗaya ina haddacewa. Su light, night, fight lafiya lau. Da na iso kan though, through, tough, cough da bough sai kaina ya ɗaure. Ƙanina ya ji ina karantawa, ya tuntsire da dariya ya yi tafiyarsa. Yaya zan yi?

Tsohon malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. 'Yata, tun daga tushe aka samu matsala. Haruffan ne ɗaya, furucin kowa da nasa. Though, wato ko da yake, da dough, kwaɓin fulawar nan da kike cincin da shi, da "o" suke ƙarewa. Through, ratsawa ta cikin abu, "u" ce. Tough mai tauri, rough mai kaushi, enough abin da ya wadatar, duk "af". Cough, tari, "of". Bough reshen bishiya, plough garma, "au". Ta fuskar ma'ana kuwa babu dangin iya babu na baba. A da can wannan gh ana furta ta daga maƙogwaro, kusan kamar harafin kha na Larabci. Daga baya sautin ya ɓace a wasu kalmomi, a wasu ya koma f, rubutun kuwa ya daskare bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476. Yaga shafin nan, ki sake jera su bisa sauti.

Ɗalibin jami'a:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma Caxton ba zai fito a jarrabawa ba. Anti, ki nemi tambayoyin shekarun baya kawai. Takardar furuci tambaya 60 ce, duk zaɓi, ba mai cewa ki buɗe baki. Kalma za su ba ki su ce ki nemo wadda amonta ya yi daidai da ita. Wacce za ki rubuta ma, ta 'yan makaranta ko ta masu zaman kansu? Yaushe ce?

Uwar gida:
Ni maganar uwar mijin nan ce ta tsaya min a rai. Haka tawa ta yi min har na ajiye karatun ungozoma, yau ga shi jikokinta nake wa wanki. 'Yar uwa kar ki saurare ta. Turancin dai ban sani ba, Allah ya ba da sa'a.

Mai neman shawara:
Na gode Baba. Amma gaskiya ba zan iya yaga shafin ba, dare nawa na yi ina rubuta shi. Kuma ni da hadda na saba tun makarantar allo, in na rera abu yana zama. Uwar mijina kuma ba muguwa ba ce, tsufa ne.

Ɗan Maraɗi:
Ku gode wa Allah. Mu da muka yi Faransanci, eaux haruffa huɗu ne, ruwa ake nufi, amma "o" kawai za ka ce. Hajiya ki sa ƙamus mai magana a waya, ki danna ki ji.

Tsohon malamin Turanci:
Waya ba ta koyar da kowa. Shekarun da na yi ina riƙe da alli sun fi na wasunku a duniya, fanshona ma har yau sai an ga dama. 'Yata, hadda ba laifi ba ce, amma in kika rera kuskure shi zai zauna. Ba ki ma gama da su ba: thought, tunani, da bought, ya saya, amonsu ɗaya, amma drought, fari, da plough yake tafiya. Sannan ga thorough, aikin da aka yi ba a bar komai ba, wanda ɗalibai ke rubutawa a maimakon through. Amurkawa sun gaji sun mayar da plough plow, ke kuwa ki bi na Ingila.

Ɗalibin jami'a:
Baba, duk maki nawa ne a kan ough ɗin nan? Insha'i da taƙaitawa su ke kayar da mutane. Anti, kin taɓa gwada rubuta wasiƙa kuwa?

Mai neman shawara:
Wasiƙa sai na gama da kalmomi tukuna, wa yake gini ba bulo? Wayar kuma ta maigida ce, da ita yake fita kasuwa. Yanzu dai na ja layi da jan biro ƙarƙashin masu "af". Baba, to laugh fa? Ita ba o a ciki, amma ƙanina ya ce da f take ƙarewa. In sa ta a shafin ko in buɗe wani?

Uwar gida:
Wai nawa kike sayar da mudun cincin ɗin?