Sukarinta yana faɗuwa da asuba, sikanin bai nuna komai ba: wane hoto za mu yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum likitocinmu. Ƙanwata ce, shekararta 34, ba ta da ciwon sukari. Wata bakwai ke nan, da asuba ko in ta daɗe ba ta ci abinci ba, sai gumi ya karyo mata, jiki na rawa, tana magana ba kan gado. Da an ba ta shayi mai sukari sai ta dawo garau. Wasu sun ce farfaɗiya, wasu sun ce iska. Ranar da aka gwada jininta tana cikin halin, sukarin 2.1 ne. Likita yana zargin ƙari mai suna insulinoma a fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke sukari, amma an yi sikanin ciki sau biyu ba a ga komai ba. CT za mu yi ko MRI? Kuɗin hannunmu ba yawa.

Likitan sukari da sinadaran jiki: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba ta lafiya. Malam, kada ka biya kuɗin hoto tukuna. Jini ne ke tabbatar da cutar, aikin hoto ya nuna inda ƙarin yake. A kwantar da ita a asibiti a hana ta abinci, ruwa kawai, har zuwa awa 72, ana duba sukari. Yawancin masu cutar ba sa kaiwa awa 48 sukarinsu ke faɗuwa. Da sukari ya sauka ƙasa da 3.0 kuma alamun sun zo, a ɗebi jini nan take, kafin a ba ta gulukos. Idan insulin ya kai 3 µU/mL, C-peptide (sinadarin da jiki ke fitarwa tare da insulin) ya kai 0.6 ng/mL alhali sukari na ƙasa, jikinta ne ke zubo insulin ba bisa ƙa'ida ba. A bincika ko ta sha glibenclamide, maganin ciwon sukari, ko wani haɗin da aka cakuɗa shi ciki, don sakamakonsu iri ɗaya ne. A duba kalsiyam ma, saboda kaɗan daga cikin irin wannan ƙari na gado ne, kuma na gadon kan zo da hauhawar kalsiyam. Kada a yi gwajin nan a gida, kuma ta ajiye azumi.

Likitan hoto: Rashin gani a sikanin bai wanke ta ba. Fankiriyas tana kwance can bayan ciki, iskar hanji na tare ta, kuma kusan tara cikin goma na irin wannan ƙari ba su kai santimita 2 ba.

A fara da CT, amma ba na ciki gama-gari ba. Likita ya rubuta ƙarara cewa na fankiriyas ake so, mai zango-zango, ana neman insulinoma. Ƙarin nan jijiyoyin jini sun yi masa yawa, don haka yana haskawa da wuri, sannan ya saje da naman da ke kewaye da shi. Ana sa kanula mai kauri a gwiwar hannu, inji ya tura ruwan hoton kamar mil 100 zuwa 120, mil 4 zuwa 5 a daƙiƙa. A ɗauki hoton wajen daƙiƙa 35 zuwa 45 da fara tura ruwan, a sake a 65 zuwa 70, yanka siriri na milimita 1. Inda aka fi yin asara shi ne a ɗauki zango na biyun kaɗai, ko a tura ruwan da hannu a hankali: takarda ta fito "lafiya lau" alhali ƙarin na nan. Ruwa zalla za ta sha kafin hoton, domin farin ruwan hoto na sha yana ɓoye abin da ke kan fankiriyas. A gwada ƙoda tukuna. Ka tambayi wurin ko suna da injin turawa kafin ka biya, kuma ka karɓi faifan, ba rahoto kawai ba.

In CT bai nuna ba, sai MRI da allurar gadolinium. Matsalar MRI kuma numfashi ce: in ƙanwarka ba ta riƙe shi yadda aka ce ba, hoton ya dagule.

Likitan tiyata: In duka biyun sun gaza, akwai sikanin da ake zura na'urarsa ta baki zuwa ciki, EUS. Yana ganin ƙari na milimita 5, ya fi ƙarfi a ɓangaren kai na fankiriyas, ya ɗan yi rauni a wutsiyarta. Mu abin da muke nema a ciki shi ne tazarar ƙarin da bututun fankiriyas: in ta wuce milimita 2 zuwa 3 ana iya ƙwaƙule shi kaɗai, in ya manne sai an yanke ɓangare, don kada ruwan fankiriyas ya riƙa yoyo. A wutsiya kuma wani lokaci ɗan guntun saifa ne ke kama da shi. Kwantar da hankalinka, Malam, kusan kashi 90 cikin 100 ba daji ba ne, kuma cirewa na warkar da su.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. To ai an ce kada ta ci komai kafin hoton, ita kuma yunwa ce ke kayar da ita.

Ma'aikaciyar jinya: Yaya, ka faɗa musu tun ranar karɓar lamba. A sa ta farkon layin safe, a ɗaura mata ƙarin ruwa mai gulukos kashi 10 tun da ta daina cin abinci, a riƙa duba sukari duk awa. Kada ta zo ita kaɗai, kuma ku riƙo abin gwajin sukari da lemo mai zaƙi a jaka saboda hanya.