Hiace ɗina tana juyawa amma ta ƙi tashi

Direban Wudil:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin inji ku taimaka min. Ina da Toyota Hiace ƙirar 1994, injin fetur 1RZ mai kafireta, da ita nake jigilar fasinja tsakanin Kano da Wudil. Ranar Talata da yamma aka tafka ruwa, na ratsa wani kududdufi kafin in isa gida, lafiya lau na ajiye ta. Da asuba na murɗa makulli, kik, wato sitata, yana juya inji da ƙarfinsa, amma ko tari ba ta yi ba. Yara suka tura ta har bakin titi, shiru. Na sayo fulogi huɗu sababbi na ɗaura. Na ɗaga kujera, na ɗiga fetur a bakin kafireta, nan ma shiru. Yau kwana uku tana ƙofar gida, kuma da ita nake ciyar da iyalina. Wani ya ce in sauke kafireta a wanke, wani ya ce tayimin ne, wato saitin lokacin aikin inji, ya tsallake. Ta ina zan fara?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Yarona, kar ka taɓa kafireta tukuna. In da mai ne ba ya zuwa, ɗan fetur ɗin da ka ɗiga zai sa ta kama na daƙiƙa biyu ko uku sannan ta mutu. Tun da ko motsi ba ta yi ba, wuta ce babu.

Goge duk fetur ɗin da ya zube. Zare wayar fulogi ɗaya, sa tsohon fulogi a bakinta, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da kafireta, ka riƙe da filaya mai roba, wani ya murɗa maka makulli. Wuta mai kyau shuɗiya ce, za ka ji tana tas-tas. In ja ce mara ƙarfi, ko babu ita sam, buɗe murfin distiributa, abin da ke raba wa fulogi wuta, ka haska cikinsa da tocila. Nemi raɓa, nemi tsaga siririya kamar gashi, nemi baƙin layi kamar an ja da fensir; ta nan wuta ke gudu ta bar fulogi. A tsakiyar murfin akwai ɗan gawayi a kan sifirin, danna shi da yatsa, ya kamata ya shiga ya dawo.

Murfin yana buɗe, a sake murɗawa ka ga ko rota, ɗan hannun da ke ƙarƙashin murfin, tana juyawa. In tana juyawa, ajiye zancen tayimin a gefe. 1RZ da sarƙa yake aiki, ba da bel ba, kuma da wuya sarƙa ta tsallake a motar da aka kashe lafiya.

Mai Wayarin:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Kafin nan duba fiyus ɗin kunna inji, ba ya cin minti ɗaya. Kuma Malam, rage wahalar da kik: daƙiƙa 10, ka huta. Cikakken batir volt 12.6 yake nunawa a mita, in ana murɗawa ya faɗi ƙasa da 10, inji zai juya amma wuta ta yi rauni. In za ka zare wayoyin fulogin duka, yi musu alama. Jerin da wuta ke bi zuwa silinda shi ne 1-3-4-2, na sha ganin motar da ta ƙi tashi don an juya waya biyu kawai.

Direban Wudil:
Alhamdu lillahi, Baba, Allah ya ƙara girma. Babu wuta ko kaɗan. Da na buɗe murfin sai ga ɗigon ruwa jere a ciki kamar murfin tukunya, ga tsaga daga tsakiya zuwa ramin waya ɗaya, gawayin kuma ya maƙale ba ya dawowa. Na goge, na shanya a rana, na ciro fulogin da suka jiƙe da fetur su ma suka bushe. Murɗawa ta biyu ta kama, tana ɗan rawa. Na lallaɓa da ita kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa na sayi sabon murfi da rota, yanzu silo, wato aikin inji ba a taka totur ba, ya zauna daram. Oga Mai Wayarin, batir ya yi sanyi kamar yadda ka ce, na kai caji. Wayoyin fulogin ma duk sun bushe sun tsattsage, su zan canja ranar Asabar in Allah ya kai mu.